Zaiba a Cikin Toka

Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo mini da mijina da hankalinsa da hannuwansa biyu. Na zauna rubuta wannan ne domin yanzu da wuya ka sami gida a ƙauyukanmu na Jazira da babu saurayin da ya tafi haƙar zinariya, kuma da yawansu suna dawowa da 'yar kwalbar zaiba a aljihu kamar turare. Ga wanda bai santa ba, zaiba ita ce ruwan nan mai nauyi da ƙyalli da ake kama garin zinariya da shi. Mu dai ba zinariya ce ta kawo ta gidanmu ba, hoto ne.

Mijina Idirisu mai ɗaukar hoto ne tun kafin ya aure ni. Yana da ɗan shago a kasuwar Kamlin, har wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoton kansa. Ya gwada komawa hawashar da mahaifinsa ya bari, gonar auduga da dawa a bakin tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, amma mutum ne da in ya riƙe fartanya sai ka ji tausayin fartanyar. Yana cikin wannan zaman ne ya ga yadda aka fara yin hoto a duniya, a cikin wayar da ta kashe masa sana'a. Turawa na ce masa dagerotayif, ni kuwa hoton madubi na sa masa. Ana samun farantin tagulla a shafe shi da azurfa, a goge har ya zama madubi, a kara shi a tururin aidin, a sa a akwatin hoto mutum ya zauna ƙyam. In an fito da shi ba a ganin komai sai an kara shi a kan zaiba mai ɗumi, sannan fuskar ta fito.

Wani maƙerin azurfa a Wad Madani ya yi masa farantan. Zaiba kuwa ƙanena Hamidu ne ya kawo masa daga wurin haƙa, kyauta. Ba zan ɓoye ba, ranar da na ga hoton farko na yi alfahari. Surukata ce, Inna, zaune a kan gadon igiya, in ka karkata farantin ta fito har da zanen fuskarta, in ka sake karkatawa sai ka ga kanka. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyukan maƙwabta.

A ɗan ɗakin ajiya yake aikin, ƙofa a rufe, taga a toshe da buhu, saboda haske na ɓata farantin. Da ya rasa abin da zai ɗumama zaibar a hankali sai ya ɗauke mini babban kaskon turarena mai zurfi, yana ɗora ɗan kwanon ƙarfe a kan garwashin. Na yi mita har na gaji na sayi ƙarami. Bayan kamar wata biyu, wata rana da la'asar, sai ga shi ya dawo mini da kaskon da kansa, ya goge bayansa, tokar ciki a shafe lumui. Ya kamata in yi tambaya, don namiji ne da bai taɓa mayar da ko cokali inda ya ɗauka ba. Na tura kaskon ƙarƙashin gado na ci gaba da harkata.

Washegari ya tashi da zazzaɓi da tari, yana cewa ƙirjinsa kamar an ɗaure. A ɗakin shan magani na gari aka ce maleriya ce, aka yi masa allurai. Zazzaɓin ya sauka, muka ce an gama.

A sati na biyu ya fara cewa abincina ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Na ji haushi ƙwarai, don kisrata, wainar dawar nan mai faɗi da muke ci kullum, ba ta taɓa shan suka a garin nan ba. Yawu ya riƙa cika masa baki har ya jiƙa matashi, dasashinsa ya kumbura yana jini. Muka koma, aka ce taifot ce, aka ba mu wasu ƙwayoyin. Babu wanda ya tambaye shi sana'arsa, mu ma ba mu ga dalilin faɗa ba.

A sati na uku hannu ya fara rawa. Ya ɗauki finjalin jabana, kafin ya kai baki rabin gahawar ya zube a jallabiya. A nan ya daina aikin hoto gaba ɗaya, ya kulle ɗakin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halinsa. Mutumin da ke tara jama'a da surutu ya koma in ya ji sallama sai ya shige ɗaki ya juya fuska bango. In yaro ya yi dariya sai ya daka masa tsawa, sannan ya zauna yana kuka. Na kwashe yaranmu biyu na kai su sashen Inna, muka rage daga ni sai shi.

Nan fa shawarwari suka fara zuwa. Wata ta ce sammu ne daga masu hassadar hoton. Wata ta ce garad, wato bagaruwa, za a jiƙa masa. Inna kuwa tun farko ta yanke nata hukuncin.

"Wanga ba ciwon asibiti na ba," in ji ta. "Mutum shi rufe kai cikin duhu shina kama fuskokin mutane ga madubi? Masu madubin ne sunka kama shi."

Ta je wurin Faki Umaru, malamin garinmu, dattijo mai sauƙin kai, ya rubuto bahra. Bahra ƙananan takardu ne da ake rubuta ayoyi a naɗe, a jefa ɗaya a garwashi, mara lafiya ya lulluɓa da bargo ya shaƙi hayaƙin. Ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, har kwana arba'in. Kuma akwai ƙa'ida da kowa ya sani a wurinmu: tokar ayoyi ba a zubar da ita, ba a tona ta, sai an gama a kai ta wuri mai tsarki a binne. Inna ta dubi ƙaramin kaskona ta ce ba zai ɗauki tokar kwana arba'in ba. Ni da hannuna na jawo babban daga ƙarƙashin gado, na zuba sabon garwashi a kan tsohuwar tokar.

Idirisu bai so ba. Ya riƙa ture bargon yana cewa a bar shi, maganarsa a lokacin ta fara sarƙewa, muka ɗauka masu madubin ne ke gudun ayoyi. Don haka sai in shiga cikin bargon tare da shi, in rungume shi ta baya har takardar ta cinye. Safe da yamma, sati uku cur, ina yi ina addu'a, ina ganin babu matar da ta kai ni kula da miji.

Kullum abin gaba yake yi. Rawar ta kama kafaɗa da leɓe. Haƙoransa biyu suka fara girgiɗi. Ya manta sunan 'yarmu ta fari. Ranar wata Asabar ya jefi maƙwabcinmu da buta don kawai ya leƙo gaishe shi, kafin azahar duk gari ya ɗauka Idirisu mai hoto ya haukace.

Ran Lahadi Bappa Jibo ya zo. Ƙanen mahaifin Idirisu ne, shi ne babba a gidan, kuma ba ya maimaita magana. Ya zauna a rakuba, rumfar tsakar gida, ya sa aka kira ni.

"Rabi, kin yi ƙoƙari, Allah shi biya ki. Amma abin ya fi ƙarfin mace. Ran Juma'a za mu kai shi masid."

Na san masid ɗin da yake nufi, can nesa da kogi. Ana karatu a can, ana kuma ajiye masu taɓin hankali, wanda ke duka a sa masa mari a ƙafa. Na taɓa kai ziyara na ga wani da ya shekara huɗu a ɗaki ɗaya. Ko mutum ya fito, a garinmu ya gama zama mutum: ba a karɓar shaidarsa, ba ya waliccin 'yarsa, yara na nuna shi da baki. Na durƙusa na ce, "Bappa, a ba ni zuwa Juma'ar, in kai shi Madani."

"Asibiti sau biyu kunka tahi. Mi sunka yi?"

"Ba su yi komi ba, Bappa. A bar ni in yi na ukku."

Ya ce in je, amma mota na nan zuwa ran Juma'a da hantsi.

Awarwarona na aure na sayar wa maƙeri, muka kama hanya ran Litinin bayan asuba, ni da shi da Hamidu. Layin asibitin ba sai na ba da labari ba. Mun karɓi lamba da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, ga Idirisu ya lulluɓe kai da rawani saboda idon mutane. Wani ma'aikaci ya dube shi sau ɗaya ya ce ɓangaren masu taɓin hankali na can baya. Na ce masa na ji, na ci gaba da tsayuwa inda nake. Har yau ina jin haushin mutumin nan.

Likitar da muka samu mace ce, ƙarama, da ta shigo na ɗauka ɗaliba ce. Ta ba shi alƙalami ta ce ya ja layi daga wannan gefen takarda zuwa wancan. Abin da ya ja ya fi kama da haƙoran zarto. Ta buɗe bakinsa ta daɗe tana duban dasashin. Sannan ta yi tambayar da babu wanda ya yi a sati bakwai.

"Mene ne aikinsa?"

Na ce hoto. Ta ce wane iri. Ina fara bayanin faranti da tururi, Hamidu ya ambaci zaiba, sai ta ajiye alƙalami. Ta ce, "Tasammum." Guba ke nan. Kalmar ta zauna mini a kai har yau. Ta ce tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi, mutum na shaƙa bai sani ba, kuma yana taɓa baki da hannu da ƙwaƙwalwa daidai yadda muka gani. Ta ce wannan mutum ba mahaukaci ba ne.

Amma da ta ji ya fi wata guda bai shiga ɗakin aikin ba kuma ciwon na ƙaruwa, sai ta ɓata fuska. Ta dube ni ta ce in buɗe bakina. Ni ma dasashina ya fara jini, ban gaya wa kowa ba, na ɗauka wahala ce. Ta ce ko ina shiga ɗakin aikin. Na ce ko sau ɗaya. Yara fa? Lafiyarsu lau.

"To akwai inda ku biyu kuke shaƙarta har yanzu," in ji ta. "Ki nemo shi. In ba haka ba duk maganin da zan ba shi banza ne."

Aka ba mu jarka ya tara fitsarin yini da kwana, za a aika Hartum, sakamako sai bayan kwana goma. Gado babu. Muka kwana gidan wata 'yar'uwa, muka miƙa jarkar, muka dawo gida ran Laraba ba mu da takardar da za mu nuna wa kowa. Inna ta ce likitoci ai ba su san iska ba. Bappa ya aiko cewa maganarsa na nan.

Na kwashe shimfiɗarmu na mayar rakuba, na hana bahra da hujjar ya gaji da tafiya. Hamidu ya buɗe ɗakin aikin ya sami kwalbar a toshe, ba ta zuba ba. Na wuni Alhamis ina bin gida da ido: randa, buhun dawa, katifa, tukwane. Duk abin da na taɓa, yara ma suna taɓawa. Ina shanya bargon nan a igiya, warin hayaƙi ya bugi hancina, sai na tsaya da shi a hannu. Abu ɗaya ne ni da shi muke shiga mu biyu kaɗai. Na je na tsuguna gaban kaskon, na daɗe ina kallon tokar, amma na kasa sa hannu. Tokar ayoyi ce. In na tona ban sami komai ba, na zama matar da ta wulaƙanta sunan Allah don ta kare mahaukaci, kuma ba wanda zai ƙara sauraron bakina a gidan.

Ran Juma'a da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Bappa ya shigo da maza biyu, da Faki Umaru da aka gayyato ya yi addu'ar tafiya. Na ga igiya a aljihun ɗaya daga cikinsu. Idirisu na zaune a kan gado yana karkarwa, ya sunkuyar da kai. Na shiga ɗaki na ɗauko kaskon da babban faranti, na ajiye a tsakar gida gaban Faki.

"Malam, izini nika nema. Ina son in juye tokar ga."

Inna ta ce, "Rabi, ke ma sun taɓa ki?"

Faki ya ɗaga mata hannu, ya tambaye ni dalili. Na faɗa masa abin da likita ta ce, da inda kaskon ya yi wata biyu. Ya ja carbi, sannan ya ce, "Faranti mai tsarki na? To juye. Ayar Allah ba ta tsoron a duba ƙarƙashinta."

Na yi bisimilla na karkata kaskon. Toka ta zubo, fara, sannan baƙa, sannan tsohuwar ta ƙasa da ta dunƙule. Ba komai. Na ji Bappa ya gyara murya. Na ɗauki tsinke na fasa dunƙulen, na ɗan girgiza farantin. Sai ga su suna gangarowa gefe, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna ƙyalli a rana, suna haɗuwa da juna har suka zama ɗigo guda mai girman wake.

Hamidu ya ce, "Zaiba ce, wallahi. Kowa shi ja baya, kar a taɓa."

Daga kan gado muka ji muryar Idirisu, kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce kwanon ne ya kife masa a cikin garwashi ranar nan. Ya kwashe abin da ya gani, ya shafe tokar, ya ji kunyar gaya mini ya ɓata mini kasko. Da aka fara bahra ya so ya faɗa, abin na zuwa masa yana ɓacewa, mu kuma muna danne shi.

Inna ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, daɗi ne ya fara cika ni kafin baƙin cikin abin da na yi masa da hannuna ya biyo baya. Bappa ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya juya ga mai igiyar ya ce, "Ku sallami motar." Ya ƙara da cewa, "A'a, ku tsai da ta. Madani za ta."

Sakamako ya fito ya tabbatar. Maganin babu shi a Madani, sai da wani ɗan garinmu da ke Alƙahira ya aiko da shi, ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, ni ma aka ba ni na 'yan kwanaki. Likita ta hana shara da tsintsiya a inda zaiba ta taɓa, ta hana ƙonawa, ta hana zubawa a tur'a. Aka rufe kaskon da tokar da kwalbar a cikin bokiti mai murfi aka liƙe, masu kula da lafiya suka karɓa. Faki da kansa ya ce hakan ya halatta, ya koma ba Idirisu rubutun sha. Aka kankare ƙasar ɗakin aiki da ta ɗakinmu aka zuba sabuwa, bargon da katifar ma suka tafi.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Yawu ya tsaya a sati na biyu. Haƙori ɗaya ya faɗi, ɗayan ya kafu. A wata na biyu ya kira 'yarmu da sunanta, ta ruga ta gaya wa Inna kamar an yi mata kyauta. Duk zuwanmu asibiti likita na sa shi jan layin nan, tana jera takardun, haƙoran zarton na raguwa. Na gode wa matar nan iyakar godiya. Ina kuma da ƙorafi a kan duk waɗanda suka rubuta mana magani ba su tambayi abin da mutum yake yi da hannunsa ba.

Da ya ce zai koma hoton madubi na ce sai dai ya zaɓa, ni ko shi. Sai ya nuna mini akwai hanyar da ba ta buƙatar zaiba sam: a rufe farantin da jan gilashi a ajiye a rana na wasu sa'o'i, hoton ya fito da kansa. Rana kuwa ba ma sayenta a Jazira. Aidin ɗin ma yanzu a fili yake kara shi, iska na kaɗawa, da safar hannu da abin rufe hanci, ni kuma ina zaune a rakuba ina sa ido kamar mai gadin gona.

Sai dai gari bai manta ba. Mutane na gaishe shi da irin muryar da ake gaida mara lafiya, in ya yi magana a taro sai a yi murmushi a wuce. Yana dawowa gida ya yi shiru, ni kuma abin na ci na.

Bayan girbin dawa aka sa auren Hajara, autar Bappa Jibo. Ranar ɗaurin aure muna cikin gida mu mata, lasifikar masallaci na kawo mana komai. Ma'azun, mai rubuta takardar aure, ya tambayi waye waliyyin amarya. Kowa ya san Bappa ne. Sai muka ji muryarsa.

"Na wakilta ɗana Idirisu. Shi za shi ba da ita, shi za shi sa hannu."

Na ji mijina ya karɓi magana, ya ba da auren da Larabci sannan da Hausa, kalma bayan kalma, babu wadda ta sarƙe. Hamidu ya gaya mini daga baya cewa da aka miƙo takardar sahun gaba duk sun miƙa wuya suna kallon hannunsa, shi kuwa ya rubuta sunansa cikakke har da na kakansa, ya mayar wa ma'azun alƙalami.

Ni ban jira an shafa fatiha ba. A wurinmu dangin ango ne ke fara guɗa, kuma sai an gama addu'a. Na miƙe a tsakiyar mata na rangaɗa ta tun ƙarfina, ni kaɗai, har aka jiyo ni a masallaci. Wata tsohuwa ta ce Rabi ba ta san ƙa'ida ba. Inna ta ce a ƙyale ni, sannan ta kama hannuna ta tashi tsaye, ta ɗora tata guɗar a kan tawa.